Sharhi Kan Hidimar Kiyasin Samun Gurbin Karatun Kasuwanci a Manyan Jami'o'in Gwamnati

A 'yan shekarun nan, da zarar hukumar JAMB ta saki sakamakon UTME, wato jarrabawar neman shiga manyan makarantu, sai ka ga wasu shagunan kwamfuta sun ƙara wani layi a kan allunan da suke jinginawa a bakin ƙofa. Ban da buga sakamako da cike fom da ɗaukar hoton fasfo, yanzu suna tallata cewa za su duba makin ɗalibi su faɗa masa ko zai samu gurbi a jami'ar da ya zaɓa ko ba zai samu ba. Wannan sharhi ya shafi ɗaya daga cikin irin waɗannan cibiyoyi da ke birnin Kano, inda na kai ɗiyar ƙanena da ke hannuna a kakar neman gurbi ta 2025, lokacin da take neman karatun Akanta, ko kuma Gudanar da Kasuwanci idan na farkon bai samu ba. Ba zan kama sunan wurin ba, domin irinsa suna da yawa kuma kusan salon aikinsu ɗaya ne. Ra'ayina a taƙaice shi ne cewa hidimar tana da amfani sosai wajen gano wanda ba shi da dama kwata-kwata da kuma dalilin hakan, amma tana da rauni wajen faɗin wanda zai samu, kuma abin takaicin shi ne ɓangaren mai raunin shi ne wanda suka fi tallatawa.

Tsarin aikin ba shi da wahala. Ana ba ɗalibi takarda ya rubuta makinsa na UTME da darussa huɗun da ya zauna, da sakamakonsa na WAEC ko NECO tare da bayanin ko a zama ɗaya ya haɗa shi ko a zama biyu, da jiharsa ta asali, da ranar haihuwarsa, da jami'a da kwas ɗin da ya sa a zaɓin farko. Daga nan sai a zauna da wani matashin ma'aikaci ya shigar da bayanan a kwamfuta yana yi yana tambaya, a ƙarshe kuma a buga takarda mai shafi guda da ke ɗauke da sunayen wasu jami'o'i, kowace da kaso cikin ɗari a gabanta. Kuɗin da ake karɓa bai kai na rajistar jarrabawar ba, kuma ba a matsa mana mu sayi wani abu kafin a fara ba. Ɗakin yana da matsi da zafi, layi kuma yakan yi tsawo da hantsi, amma ma'aikacin ya karɓe mu cikin ladabi, bai kuma yi gaggawar sallamarmu ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne tankaɗen farko, wato duba sharuɗɗan da rashin cika ɗaya daga cikinsu yake kayar da ɗalibi ko da makinsa ya kai 300. Ma'aikacin ya fara ne da haɗin darussa. Kwasa-kwasan kasuwanci a yawancin jami'o'in tarayya suna buƙatar ɗalibi ya zauna Turanci, wanda dole ne ga kowa, da Lissafi da Tattalin Arziki, sannan darasi na huɗu daga cikin waɗanda jami'ar ta amince da su. Yaran ajin kasuwanci da dama suna gudun Lissafi a UTME, sai su maye gurbinsa da darasin da suke ganin za su fi cin maki a cikinsa, su samu maki mai kyau, sannan su zauna suna jiran sunan da ba zai taɓa fitowa ba. Bayan wannan ya duba kiredit biyar na sakandare, ya tabbatar akwai Turanci da Lissafi a ciki, domin D7, wanda bai kai kiredit ba, a Lissafi ba ya kai mutum sashen Akanta komai kyawun sauran darussan. Ya yi tambaya kan shekaru, tunda ƙa'idar ita ce sai ɗalibi ya cika 16. Ya kuma ja hankalinmu cewa ko da yake yawancin jami'o'i suna karɓar sakamakon zama biyu, Jami'ar Legas zama ɗaya take nema. Daga ƙarshe ya buɗe shafin yarinyar na CAPS, wato tsarin da JAMB ta fito da shi a 2017 a ƙarƙashin Farfesa Ishaq Oloyede domin duk wani gurbi ya bi ta hannunta, ya tabbatar an ɗora sakamakon sakandarenta a can, domin wanda ba a ɗora nasa ba jami'a ba za ta iya gabatar da sunansa ba ko da ta so.

Gaskiya ne cewa duk waɗannan bayanai suna nan kyauta a kundin kwasa-kwasai na JAMB da ke intanet da kuma sanarwar kowace jami'a. Sai dai iyaye nawa ne suke da haƙurin bin kundin nan layi-layi, su kuma fahimci 'yan keɓance-keɓancen da kowace jami'a take sawa a ƙarƙashin kwas? Wanda ya biya kuɗi aka yi masa wannan bincike cikin natsuwa bai yi asara ba.

Abu na biyu da cibiyar ta yi da kyau shi ne bambance ƙofofi uku da mutane suke cakuɗawa. Akwai mafi ƙarancin makin da ake amincewa da shi a taron tsara manufofi da JAMB take yi da shugabannin makarantu duk shekara, wanda ya kasance 140 ga jami'o'i daga 2022 zuwa 2024, aka ɗaga shi zuwa 150 a 2025. Wannan adadi ba ya nufin komai face cewa ba a yarda wata jami'a ta sauko ƙasa da shi ba. Akwai kuma makin da kowace jami'a take sawa kafin ta bari ɗalibi ya sayi fom ɗin tantancewarta, inda Jami'ar Bayero da Jami'ar Ahmadu Bello suka saba sanya 180, Jami'ar Ibadan da ta Legas kuma 200. Sannan akwai ƙofa ta uku, wadda ita ce ta gaskiya, wato makin ɗalibi na ƙarshe da sashen ya ɗauka kafin kujeru su ƙare. Uba yakan ji an ce 150 a rediyo, ya ga ɗansa yana da 190, ya fara shirin kuɗin rajista. Ma'aikacin ya zana waɗannan matakai a bayan takarda, ya bayyana cewa a sashen Akanta na jami'ar da ake rububinta tazarar da ke tsakanin ƙofa ta biyu da ta uku tana da faɗi, kuma na ga bayanin ya shiga kunnen yarinyar fiye da duk abin da na faɗa mata a gida.

Haka nan lissafin haɗaɗɗen maki sun iya shi. A Jami'ar Ibadan ana raba makin UTME gida takwas ya koma bisa 50, a raba na jarrabawar tantancewa gida biyu shi ma ya koma bisa 50, sannan a haɗa. A Jami'ar Legas UTME tana ɗaukar kashi 50, jarrabawar tantancewa 30, sakamakon sakandare 20, inda A1 yake da maki 4, B2 yake da 3.6, B3 yake da 3.2, a haka ana saukowa har C6 mai maki 2. Idan ɗalibi yana da 240 a UTME, to ya riƙe 30 ke nan. Idan darussansa biyar sun ƙunshi B3 guda biyu da C4 da C5 da C6, ya ƙara 13.6. Idan ya ci 18 a tantancewa, jimillarsa ta zama 61.6. Amfanin ganin lissafin a buɗe shi ne ɗalibi yakan gane inda ƙarfinsa ya kamata ya tafi. Maki takwas cur na UTME ne suke zama maki ɗaya a haɗaɗɗen lissafi, alhali a tsarin Ibadan maki biyu kacal na tantancewa suna yin wannan aikin. Ke nan yaron da yake baƙin ciki don abokinsa ya fi shi da maki 20 a UTME yana iya share tazarar da maki biyar a jarrabawa ta gaba.

A daidai nan ne kuma matsalar kason da ake bugawa a takarda take farawa. Yawancin masu zuwa irin wannan cibiya suna zuwa ne a makonnin da suka biyo bayan fitowar sakamakon UTME, kafin jami'o'i su yi tasu tantancewar. Wannan yana nufin cewa a lokacin da aka rubuta wa ɗalibi kashi 70 ko kashi 45, rabin makin da za a auna shi da shi a wata jami'ar, ko kusan sulusinsa a wata, bai ma wanzu ba. Da na tambayi yadda suke cike wannan giɓi, sai ma'aikacin ya amsa, cikin gaskiya dai, cewa suna ɗauka ɗalibi zai yi a tantancewa kwatankwacin yadda ya yi a UTME. Wannan zato ne mai ma'ana idan ana maganar ɗalibai dubu a dunƙule, amma uban da ya zo da 'yarsa ba maganar dubu yake yi ba, kuma babu inda aka rubuta a takardar cewa an gina adadin a kan zato.

Tushen alƙaluman nasu ma abin dubawa ne. Suna da abu biyu: makin ƙarshe na bara a jami'o'in da suke wallafa shi, da kuma jerin ɗaliban da suka taɓa zuwa shagon tare da abin da ya faru da su. Na biyun ne suka fi alfahari da shi, shi ne kuma ya fi rauni, saboda wani dalili da ba na jin su kansu sun lura da shi. Ɗalibin da ya samu gurbi yakan koma shagon domin ya buga takardar shaidar samun gurbi da fom ɗin rajista, ta haka sunansa yake shiga jerin waɗanda suka dace. Wanda bai samu ba ba shi da abin bugawa, saboda haka ba ya komawa, kuma ba wanda yake bin sawunsa. Jerin da aka tara ta wannan hanya dole ne ya cika da labarin nasara, kuma duk kason da aka ciro daga cikinsa zai karkata sama. Kamar mutum ne ya tsaya a ƙofar kasuwa da yamma yana tambayar masu fitowa da kuɗi a aljihu yadda ciniki ya kasance, alhali waɗanda ba su sayar da komai ba sun daɗe da komawa gida.

Shi kuwa makin bara, ba doka ba ne da aka kafa tun farko. Sakamako ne na abubuwa uku da suke canzawa: yawan waɗanda suka nemi kwas ɗin, yadda makinsu ya kasance a wannan shekarar, da adadin kujerun da aka yarje wa jami'ar. Hukumar NUC mai kula da jami'o'i ce take ƙayyade yawan ɗaliban da kowace jami'a za ta iya ɗauka, sannan manufar gwamnati ta kashi 60 ga kimiyya da 40 ga sauran fannoni tana nufin cewa Akanta da Gudanar da Kasuwanci da Shari'a da Aikin Jarida da sauransu duk a cikin ƙaramin kason suke rabo, alhali masu nemansu suna da ɗimbin yawa. Yanayin jarrabawar ma yana motsa layin. A sakamakon farko na 2025, fiye da ɗalibai miliyan 1.5 daga cikin kusan miliyan 1.95 ne suka gaza kai maki 200, daga baya kuma hukumar ta amsa cewa an samu tangarɗar na'ura da ta shafi ɗalibai kusan 380,000 a Legas da jihohin Kudu maso Gabas, aka sake musu jarrabawa. A shekara irin wannan, ɗaukar makin bara a ɗora shi a kan na bana kai tsaye ganganci ne, musamman ga mai neman jami'a a Kudu.

Inda na fi samun saɓani da cibiyar shi ne yadda take sarrafa batun rabon gurabe. A jami'o'in tarayya ana raba kujeru ne kashi 45 bisa cancanta zalla, 35 ga jihohin da ke yankin jami'ar, 20 kuma ga jihohin da aka ayyana a matsayin masu koma-baya a ilimin boko. Abin da cibiyar take yi shi ne, da ta ga ɗalibi ɗan Kano ne ko Jigawa ko Katsina, sai ta ƙara masa wani abu a kan kasonsa a kowace jami'a, saboda jiharsa tana cikin jerin. Wannan kuskure ne na fahimta. Kusan dukkan jihohin Arewa suna cikin jerin masu koma-bayan, kuma yankin da Jami'ar Ahmadu Bello take ɗiba ya haɗe kusan Arewa baki ɗaya. Ɗan Kano da yake neman Akanta a Jami'ar Bayero yana cikin yankinta, yana kuma cikin jerin masu koma-baya, amma haka ma akasarin waɗanda yake gogayya da su. Rangwamen da kowa yake da shi bai fifita kowa ba. Inda wannan kaso yake da nauyi na gaske shi ne jami'o'in Kudu, irin su Ibadan wadda take wallafa maki daban na cancanta da na yanki da na jihohin koma-baya, kuma inda 'yan Arewa masu nema ba su da yawa. Cibiyar da ta san aikinta da ta nuna wa ɗalibi mai maki sama da 200 cewa takardar shaidar jiharsa tana iya yi masa amfani a can fiye da a gida, ta bar wa iyaye su auna batun nisa da kuɗin zama da kwanciyar hankalinsu. Wannan shawara ba ta fito daga bakinsu ba sai da na taso da ita.

Akwai kuma batun da ya shafi amana. A ƙasan takardar, jami'o'in da aka ba kaso mafi girma su ne waɗanda ba a cika rububinsu ba, kuma shawarar da take biyo baya ita ce a canza zaɓin farko. Sau da yawa shawarar daidai ce, domin manyan jami'o'i ba sa waiwayar wanda ya sa su a zaɓi na biyu, kuma ɗalibi mai 185 da ya nace sai Akanta a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya zai fi dacewa da ya duba Jami'ar Tarayya ta Dutse ko ta Dutsin-Ma, waɗanda aka kafa a 2011, ko jami'ar jiharsa inda ake fifita 'yan asali. Sai dai canjin zaɓi aiki ne da ake biyan kuɗi, kuma cibiyar tana da hannu a haɗa mutum da inda za a yi masa. Ban ga alamar an yi mana ƙarya don a ci wannan kuɗi ba, amma wanda yake samun riba idan ka canza bai kamata ya zama shi kaɗai ne mai ba ka shawarar ka canza ba. Abin da ya fi damuna shi ne sun nemi a bar musu lambar sirrin shafin yarinyar domin su riƙa duba mata. Na ƙi, kuma ina ba kowa shawarar ya ƙi. A shafin CAPS ne ake karɓa ko ƙin gurbi, a nan ne kuma ake amincewa idan jami'a ta nemi mayar da ɗalibi wani kwas, kuma dannawa ɗaya da wani ya yi a madadinka tana iya rufe maka sauran ƙofofi na wannan shekarar.

A gefe guda dole a yaba musu kan abin da ba su yi ba. Ba su yi alƙawarin samo gurbi ba, ba su kuma ambaci wani da suka sani a ciki ba, alhali wannan shi ne jarin wasu masu irin sana'ar. Ma'aikacin ya faɗa a fili cewa duk gurbin da bai fito ta CAPS ba, yana iya hana ɗalibi shiga kundin ɗaliban ƙasa, wanda kuma ba ya cikin kundin ba zai je bautar ƙasa ba bayan ya gama shekara huɗu.

Giɓin da na gani a ƙarshe shi ne rashin magana kan hanyoyin da ba UTME ba. Ga ɗalibin da takardar ta ba ƙaramin kaso, tambayar da ta fi muhimmanci ita ce me zai yi da shekarar. Akwai shirin share fagen shiga jami'a na IJMB da Jami'ar Ahmadu Bello take kula da shi, akwai makamancinsa na JUPEB, akwai kuma difloma ta ƙasa a Akanta ko Kasuwanci daga kwalejin fasaha, kuma dukkansu suna iya kai mutum aji biyu na jami'a ta hanyar shiga kai tsaye. Akwai ma kwasa-kwasai maƙwabta, irin su Tattalin Arziki ko Harkokin Banki da Kuɗi, waɗanda haɗin darussansu ya yi kusa da na Akanta, kuma mai son zama ƙwararren akanta yana iya bi ta jarrabawar ICAN, wato cibiyar ƙwararrun akantoci ta Najeriya, daga baya. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan a takardar da aka buga mana, wataƙila saboda ba sa shiga cikin lissafin kaso.

Ba zan kafa hujja da abin da ya faru da ɗiyar tawa ba, domin sakamakon mutum ɗaya ba ya gaskata kiyasi kuma ba ya ƙaryata shi. Wanda aka ba kashi 70 ya rasa ba lallai an cuce shi ba, wanda aka ba 30 ya samu ba lallai an yi kuskure ba. Wanda zai fi cin moriyar wannan hidima shi ne gidan da ba a taɓa kai yaro jami'a ba, da ɗalibin da bai tabbatar da haɗin darussansa ko matsayin shafinsa na CAPS ba. Irin wannan ya je da wuri, tun kafin jami'arsa ta rufe sayar da fom ɗin tantancewa, ya nemi a nuna masa lissafin haɗaɗɗen maki a rubuce, ya tambayi makin wace shekara aka yi amfani da shi da kuma ko jami'ar ce ta wallafa shi, sannan ya shigar da lambar sirrinsa da hannunsa ya fita daga shafin kafin ya tashi. Wanda yake da malamin jagoranci a makarantarsa ko yaya da ya bi ta wannan hanya kwanan nan zai iya samun kusan duk wannan ba tare da ya biya ko sisi ba.